Tambayoyin Masu Karatu: Ina Makomar 'Yan N-Power?

Tambaya: Malam, me ya sa matasa da dama suka gama N-Power amma har yanzu ba su da aikin yi?

Amsa: Gwamnatin Buhari ta ƙaddamar da shirin a 2016, tana biyan masu digiri Naira 30,000 kowane wata, galibinsu suna koyarwa a makarantun firamare na tsawon shekara 2. Babbar matsalar, a ganina, ita ce ba a tanadi hanyar ɗaukarsu aiki na dindindin ba bayan wa'adin ya cika. Ga kuma jinkirin biyan alawus na watanni, yayin da tsadar kayan masarufi ke ta rage darajar kuɗin. A 2023 gwamnati ta dakatar da shirin domin bincike.