Ruwan ɗumin Bath da na Bursa: wanne ake kallo, wanne ake shiga?

Wasiƙun wannan mako guda uku ne, kuma dukkansu sun shafi wuraren da suka yi suna saboda ruwan ɗumi mai ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin ƙasa. Ta farko daga wata Hajiya ce, tsohuwar malamar makaranta a unguwar Wunti cikin garin Bauchi, ga kuma abin da ta rubuto a taƙaice:

"'Yata za ta kammala karatu a Biristol ta ƙasar Ingila a watan Yuli, kuma ni da mahaifinta za mu je bikin. Ta ce za ta kai mu wani gari da ake kira Bath mu kwana biyu, wai akwai ruwan zafi tun na zamanin Rumawa wanda zai taimaka wa gwiwoyina. Kuɗin ba kaɗan ba ne. Me ake gani a wurin, kuma mace kamata za ta iya shiga ruwan?"

Hajiya, Allah ya sanya wa karatun albarka. Bari in fara da abin da ya fi damunki, domin kada ki haɗa zane da tawul ki isa can a ce miki kallo kawai ake yi. Tsohon wurin wankan Rumawa da 'yarki take nufi gidan tarihi ne a yau, kuma ba a barin kowa ya shiga ruwansa tun 1978, lokacin da wata yarinya ta rasu sakamakon wata ƙwayar cuta da aka gano a cikin ruwan. Ko taɓa shi da hannu ma'aikatan wurin ba sa so. Duk da haka ina ganin kuɗin shigarsa ya fi kowane kuɗi da za ku kashe a garin amfani, kuma zan faɗi dalili.

Rumawa sun fara gine-gine a bakin wannan marmaro wajen shekara ta 60 zuwa 70 miladiyya, suka sa wa garin suna Aquae Sulis. Ruwan da suka tarar shi ne yake fitowa har gobe, fiye da lita miliyan ɗaya a kowace rana, da zafin digiri 46, wato zafin da jiki ba zai jure daɗewa a cikinsa ba sai an sirka. Asalinsa ruwan sama ne da ya sauka a kan tuddan da ke kusa dubban shekaru da suka wuce, ya nutse cikin duwatsu fiye da zurfin kilomita biyu, zafin cikin ƙasa ya dafa shi, sannan ya sami tsaga ya dawo sama. Babban kwamin wankan, wanda zurfinsa ya kai mita 1.6, har yanzu da fallayen dalmar da Rumawa suka shimfiɗa masa yake riƙe ruwa. Launin kore da za ki gani aikin gansakuka ne, saboda a da akwai rufi a kansa, yanzu kuwa rana tana dukansa. Gumakan sarakunan Rum da ke jere a saman barandar kuma kada su ruɗe ki, ba su da tsufan da ake zato, an kafa su ne a ƙarshen ƙarni na 19.

Abin da na fi so baƙo ya tsaya ya duba da kyau shi ne wasu 'yan ƙananan fallayen dalma, kimanin 130, da aka tsamo daga cikin marmaron. Mutanen wancan zamani suna rubuta ƙorafi a kansu su jefa cikin ruwa, suna roƙon abin bautarsu ya hukunta wanda ya zalunce su, kuma yawancin ƙorafin na sata ne: mutum ya tuɓe ya shiga wanka, ya fito ya tarar an yi gaba da rigarsa ko 'yan kuɗinsa. Duk wanda aka taɓa ɗauke wa takalmi a ƙofar gidan biki zai fahimci zafin zuciyar da aka rubuta su da shi. A matsayinki na malama, na tabbata nan za ki fi daɗewa. Ana ba kowane baƙo wata na'ura mai kama da wayar hannu da yake karawa a kunne tana yi masa bayani, kuma kuɗinta yana cikin tikiti. Ku ware sa'a biyu, ku sayi tikitin ta intanet kwanaki kafin zuwa, ku zaɓi lokacin safe, domin watan Yuli lokacin cunkoso ne. Daɓen cikin na tsohon dutse ne mai tudu da kwari, saboda haka ki sa takalmi marar tsini, ki kuma nemi a nuna miki na'urar hawa da sauka maimakon matakala.

Wurin da ake shiga ruwan a yau wani gini ne na zamani kusa da nan, Thermae Bath Spa, wanda aka buɗe a 2006. Shi ma ruwan marmarin garin ne, an tace shi an rage zafinsa, kuma akwai kwami a saman bene inda ake hango garin gaba ɗaya. Amma maza da mata tare suke shiga cikin kayan ninkaya, kuma ban ga yadda za ki saki jiki a irin wannan wuri ba. Mafita ɗaya ita ce ƙaramin wurin wanka mai katanga da ake kira Cross Bath, wanda iyali za su iya kama shi su kaɗai na ɗan lokaci. Yana da tsada, sai an kama tun da wuri, kuma ya kamata 'yarki ta tambaya tun kafin ta biya ko wadda za ta kula da ku mace ce. Game da gwiwa kuwa, ruwan ɗumi yana sassauta gaɓoɓi ya rage raɗaɗi na 'yan sa'o'i, amma ba ya mayar da guringuntsin da ya zaizaye. In kina da hawan jini ko ciwon zuciya, ki nemi shawarar likitanki kafin ki bar Bauchi. A ra'ayina, kuɗin da za a kama wannan wuri da shi gara a ƙara a kan na ganin likitan ƙashi.

Sauran garin da ƙafa ake zagaya shi, kuma mafi yawansa kyauta ne. Kusan duk gine-ginen da farin dutse mai ruwan zuma aka yi su, abin da ya taimaka Hukumar UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya a 1987. Akwai Royal Crescent, gidaje 30 a manne da juna cikin siffar jinjirin wata, waɗanda aka fara ginawa a 1767, da gadar Pulteney mai shaguna a ɓangarorinta biyu, har mutum ya haye kogi bai san a kan gada yake ba. Hanyar zuwa gidajen nan hawa ce, don haka ku ɗauki tasi zuwa sama ku gangaro a hankali. Hasumiyar babbar majami'ar garin tana da matakala 212, ki bar wa yara wannan. Akwai kuma 'yan sa-kai da ke zagayawa da baƙi suna ba da tarihin garin ba tare da karɓar ko sisi ba, sai dai tafiyar tana kai sa'a biyu a tsaye.

Wani gida kuma da 'yan Afirka da dama ba su san da shi ba shi ne Fairfield House a yammacin garin, inda Sarki Haile Selassie na Habasha ya yi zaman gudun hijira daga 1936 zuwa 1940, bayan Italiya ta mamaye ƙasarsa, ya kuma ba garin kyautar gidan a 1958 domin amfanin tsofaffi. Ba kullum ake buɗe shi ga baƙi ba, sai a bincika ranar. Ina jin Alhaji zai fi jin daɗin wannan a kan duk wani ruwan zafi.

Batun kwana biyu ne ban goyi baya ba. Daga Biristol zuwa Bath bai kai minti 20 a jirgin ƙasa ba, masauki a Bath yana tsada a lokacin bazararsu, kuma abincin halal ya fi samuwa a Biristol inda Musulmi suke da yawa. Ku yi sammako ku je, ku yi azahar da la'asar a ƙaramin masallacin da ke kusa da tashar jirgi, ku komo da yamma. Rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare a watan Yuli, saboda haka lokaci zai ishe ku. Ku riƙe laima, domin ruwan samansu ba ya sallama.

Wasiƙa ta biyu daga wani ɗan kasuwa ce a Jekadafari, Gombe: "Ina zuwa Istanbul sarin kaya sau biyu a shekara. A wannan karo da maiɗakina zan tafi, kuma abokan cinikina sun ce in kai ta Bursa. In je in dawo rana ɗaya, ko in kwana? Me ya dace in saya?"

Alhaji, ka kwana, domin a nan ne abin da Hajiyar Bauchi ta rasa a Ingila yake samuwa cikin sauƙi. A unguwar Cekirge, inda ruwan zafin garin yake fitowa daga gindin dutsen Uludag, gidajen wanka suna raba maza da mata, kowa yana ɗaure da zane, kuma otal-otal da dama suna janyo ruwan marmaron zuwa ɗakunan wanka na iyali da ake kamawa a kulle ƙofa. Lokacin kama ɗaki ka tambaya ƙarara ko ruwan na marmaro ne ko na tukunyar dumama ruwa, domin ba kowane otal da ke unguwar yake da shi ba. Daga cikin tsofaffin gidajen wankan akwai Eski Kaplica da Yeni Kaplica, kuma na biyun, wanda sunansa ke nufin sabon wurin wanka, waziri Rustem Pasha ne ya gina shi a tsakiyar ƙarni na 16. Zafin ruwan ya fi wanda muka saba da shi a marmaron Wikki na Yankari nesa ba kusa ba, don haka a riƙa fitowa ana hutawa ana shan ruwa, kuma in Hajiyarka tana da juna biyu ta haƙura da shiga.

Daga Istanbul za ka iya bin jirgin ruwa zuwa Mudanya, tafiyar kimanin sa'a biyu, sannan mota ta ƙarasa da ku. Bursa ce babban birnin Daular Usmaniyya na farko mai ƙarfi, bayan Orhan ya ci garin a 1326, kuma kabarinsa da na mahaifinsa Usman suna kan tudun Tophane. Ka yi ƙoƙari salla ɗaya ta same ku a Ulu Jami, babban masallacin da Sarki Bayazid na ɗaya ya gina daga 1396 zuwa 1399, mai ƙubba 20 da wurin alwala a tsakiyarsa, bangonsa cike da manyan rubuce-rubucen Larabci. Ana ba da labari cewa sarkin ya yi alwashin gina masallatai 20 in ya ci yaƙi, da ya ci sai aka ba shi shawarar ya gina ɗaya mai ƙubba 20.

Dab da masallacin akwai Koza Han, kasuwar alharini da aka gina a 1491, kuma a nan zan ja kunnenka duk da kai ne masanin ciniki. Ba duk gyale mai sheƙi ne alharini ba. Na gaske in aka zare zare ɗaya aka ƙona, ƙaurin gashi yake yi ya zama toka mai murmushewa, na roba kuwa narkewa yake ya dunƙule, kuma mai shagon da ya amince da kayansa ba zai ƙi a gwada ba. Ka sayi gyale ɗaya ko biyu na gaske maimakon goma na bogi. Tawul ɗin Bursa ma ya yi suna, kuma shi ne abin da nake ganin zai karɓu a kasuwar Gombe in kana son gwada sari, musamman wajen masu haɗa kayan ɗaki. Kafin ku bar garin ku ci Iskandar kebab, wanda a nan aka ƙirƙire shi: yankakken nama a kan gurasa, da miyar tumatir, da narkakken man shanu, da kindirmo a gefe.

Ta uku gajera ce, daga wani malamin asibiti a Yelwa, Bauchi, wanda zai angwance bayan salla, yana tambaya ko ya ci bashi ya kai amarya ɗaya daga cikin irin waɗannan garuruwa.

Ango, kada ka ci bashin. Ka bi hanyar Gombe ka ratse a Dindima zuwa ƙofar Mainamaji, ka shiga Yankari. Marmaron Wikki yana nan a digiri 31 dare da rana, rani da damina, garau har ana ganin yashin ƙasa, kuma ana shigarsa, abin da ba a yi a kwamin Rumawa. Ku je tsakiyar mako ku sauka ruwan da sassafe kafin jama'a su taru, domin amarya ta sake. In kuna son ganin giwaye da ɓauna, rani ya fi, lokacin da ciyawa ta bushe dabbobi suke taruwa a bakin kogin Gaji. Ka kira ka tabbatar da halin masauki da na hanya kafin ku tashi, ku tafi da ɗan guzurinku, kuma ku riƙa kulle ƙofa da taga, domin birran sansanin sun san leda mai abinci tun daga nesa.