Kar ka bari a yi wa laftof ɗinka fomatin na uku

Ɗan'uwa wallahi ina karanta tambayarka sai na ji kamar ni na rubuta ta. Laftof tana aiki lafiya lau a kan tebur, amma da ka ɗaga ta ko ka ɗora a cinya sai ta sandare ko ta kawo shuɗin sikirin ɗin nan, kuma ka ce an yi mata fomatin, wato an goge ta an sake saka Windows, sau biyu ba ta daina ba. To ciwon ba a Windows yake ba, wani abu ne ya saki a cikinta.

Tawa HP ce tokunbo, ina ajin ƙarshe ta fara min wannan tsiyar, yau ta rubuta MEMORY_MANAGEMENT gobe IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL. Na kai wa wani mai gyara, ko noti ɗaya bai kwance ba ya ce bairos ne sai an wanke ta. Na ce masa malam furojet ɗina na ciki fa, babi na ɗaya zuwa na huɗu, ya ce haba kar ka damu zan kwashe maka. Washegari na dawo na tarar ya share komai, komai fa, har hotunan bikin yayata, wai yaron shagonsa ne ya yi, kuma ko kunya babu ya miƙo hannu in ba shi kuɗin aiki. Saura sati biyu in miƙa furojet. Na fi awa ɗaya zaune a bencin ƙofar shagon nan na rasa abin da ke min daɗi. Abin haushin ina zuwa gida na kunna ta na ɗaga, sai ga shuɗin sikirin ya dawo. Da na koma sai cewa ya yi ai fanel ne, wato babban allon cikinta da komai ke haɗe da shi, ya tafi, in sayar masa da ita a haka. Har yau in na bi ta layin nan raina ɓaci yake.

Abokin yayana ne ya kife ta ya buɗe murfin ƙasa, sai ga ram ɗin, wato ɗan allon nan da ke riƙe bayanai na ɗan lokaci in tana aiki, ya ɗan tashi, ƙarfen da ke riƙe shi ta gefe ɗaya bai kama ba. Ya zare shi ya goge haƙoran nan masu ruwan gwal da magogin fensir, ya hure ƙura, ya zura shi a karkace ya danna ƙasa har ya ce ƙas. Minti goma. Ya ce jijjigar adaidaita sahu ce kullum tana cikin jaka, ga ƙurar hunturu.

Kafin komai dai kwashe kayanka a filas ko Google Drive, yau ɗin nan, dan Allah. Sannan ka kashe ta, ka cire caja da batir, in batir ɗin na ciki ne ka zare wayarsa daga fanel tukuna, ka danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 20. In ram biyu ne a ciki gwada su ɗai-ɗai, nan za ka gane ko ɗayan ne ya mutu ko raminsa ne.

Ba ka faɗi abin da take rubutawa ba. In kana ganin KERNEL_DATA_INPAGE_ERROR ko ta ce ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba, to had dis ɗin za ka duba. SSD ɗin nan siriri da ake ce wa M.2, wato sabon samfurin ma'ajiyar da ke maye gurbin had dis, noti ɗaya tal ke riƙe shi, kuma tokunbo da yawa za ka ga an cusa had dis babu ƙarfen da ke ɗaure shi yana ta lilo. In kuwa sai ka motsa murfin sama ne sikirin ke rawa, wannan wayar sikirin ce, ba ruwan ram. HP tana da gwajinta, kana kunnawa ka danna Esc sai F2, amma kar ka sakankance dan ta ce lafiya, ai a ajiye take lokacin gwajin.

Wasu sababbin sirara ram ɗinsu a like yake da fanel, wannan kar ka taɓa, sai mai gyaran da ya san hannunsa. Kuma in za ka kai, ka tsaya a kansa, ka duba ram nawa ne a ciki kafin ka miƙa, kar ka kai 8GB ka dawo da 4GB. Turo lambar modal ɗin da ke ƙasanta in gaya maka ta inda ake buɗewa.