Biotin: Kayan Da Zai Dawo Miki Da Mai Saye Ne?

Wata mai shagon kayan kwalliya a Kasuwar Barci da ke Kaduna ta tambaya: tana da naira dubu 400, wani dillali ya yi mata tayin katan-katan na ƙwayoyin biotin, wai suna tsawaita gashi, su gyara fata da farce. Ta saya?

Hajiya, kada ki zuba kuɗin nan duka. Ribar irin wannan kaya tana hannun wadda za ta dawo ta sake saye, kuma a nan ne biotin yake da rauni.

Biotin shi ne bitamin B7. Abin da babban mutum yake buƙata a rana maikirogiram 30 ne kacal, ana kuma samunsa a gwaiduwar ƙwai, hanta, gyaɗa da dankalin Hausa. Kwalaben kasuwa kuwa sukan ɗauki 5,000 ko 10,000 a ƙwaya guda, rarar ta bi fitsari. Mai ƙarancinsa a jiki ita ke ganin canji, kuma irinsu ba su da yawa. Ga mai lafiya, babu ƙwaƙƙwarar hujjar cewa yana ƙara gashi. Matan da za su zo miki, da yawansu jego ne ya zubar musu da gashi, ko ƙarancin jini, ko kitso mai tsauri da ya cinye gaban goshi. Gashi kuma kimanin santimita ɗaya yake yi a wata. Kwalba ta ƙare, mace ta tsaya gaban madubi ba ta ga komai ba, sai ki ji sunan shagonki a gidan biki, ba da alheri ba.

In dai kina son gwadawa, fara da kwalba 12. Ki duba lambar NAFDAC a jikin kowace, ki tabbatar da ita a rajistar hukumar ta intanet, kuma kada ki karɓi wadda wa'adinta bai kai shekara ba. Ki guji mai kama da alawa: zafin Maris da Afrilu a ƙarƙashin rufin kwano zai narkar da ita ta dunƙule, asara ce zalla. Ki kuma tuntuɓi hukumar PCN, mai kula da masu sayar da magunguna, kan lasisi kafin ki jera ƙwayoyi a shago.

Wani abu da dillali ba zai gaya miki ba: a 2017 hukumar FDA, mai kula da abinci da magunguna a Amurka, ta yi gargaɗin cewa biotin mai yawa yana rikita sakamakon gwajin jini, har da na bugun zuciya da na maƙoƙo. Duk wadda ta saya, ki ce mata ta sanar da likita kafin a ɗibi jininta. Wannan amana ce a wuyanki.

Sauran kuɗin ki sa a man kaɗanya, lalle da turare, kayan da kin san suna tafiya. Bayan wata uku ki buɗe littafinki, ki ƙirga mutum nawa suka dawo neman kwalba ta biyu kafin ki ƙara oda.