Amsa ga mai tambaya kan tsadar katako da filawud

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ce ka je kasuwar Na'ibawa a Kano sayen katakon rufi da allunan kabad ka dawo hannu rabbana, kana tambaya ko 'yan katako ne suka haɗa baki, kuma daga ina ake shigo da kayan. Na daɗe a sana'ar kafinta a garin nan, kuma a ganina kaya biyu ka haɗa, kowanne da abin da ke tayar da kuɗinsa.

Katakon rufi, irin su tu-bai-fo da tu-bai-tiri (mai inci 2 da 4, da mai inci 2 da 3), ba daga waje yake zuwa ba. Yawancinsa daga dazukan Kudu ne, wajen Ondo, Edo, Ogun da Kuros Riba. Abin da ke cinye shi hanya ce. Tirela man dizal take sha, ga shingaye da masu karɓar haraji tun daga bakin daji har Kano. Kuma dajin kansa ya ja baya, sai an nutsa ciki sosai ake samun itace mai kauri. Shi ya sa malaina ta cika kasuwa, alhali a da sai ka zaɓa. Da damina kuwa mota ba ta iya shiga dajin saboda taɓo, kaya ya yi ƙaranci, kuɗi ya hau. Ka tuna kuma yadda aka yi ta kwashe madobiya daga Taraba ana kai wa Sin, har aka dakatar da cinikinta daga Najeriya a 2018. Mu da muke da itacen mu ne muka koma nema.

Alluna kuwa, wato filawud, MDF da HDF (allunan garin katako da aka matse) da marin bod na zuba kankaren bene, nan ne dala take magana. Mafi yawansu daga Sin ake ɗauko su, musamman birnin Linyi da ke lardin Shandong, wasu kuma daga Turkiyya. A kwantena suke sauka tashar jirgin ruwa ta Apapa ko Tin Can a Legas, sannan a sako su a mota zuwa nan. A da muna da babban kamfanin filawud a Sapele, amma yau abin da ake yi a gida bai isa ko'ina ba. Tun 2015 Babban Banki ya sa alluna cikin kayan da ba ya ba wa dala, sai a Oktoban 2023 aka janye hakan. Kafin nan, a watan Yuni, an riga an saki naira, dalar gwamnati ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Kuɗin kwastan ma da farashin dalar ake lissafa shi. To, ɗan kasuwa ba da kuɗin da ya sayo yake sayar maka ba, da kuɗin da zai sake sayowa ne. Ba na wanke su duka, akwai masu saurin ƙari da nawar ragi.

Abin da ya fi damuna ma ba kuɗin ba ne, ragin kauri ne. Za a ce maka allo mai kaurin milimita 18 ne, ka auna ka ga bai kai ba. Ka tafi da tef ɗinka, ka kuma duba gefen filawud ɗin: in ka ga ramuka tsakanin ɓawon, ƙusa ba za ta riƙe ba. MDF kuma kada ka yarda a sa maka shi ƙarƙashin wurin wanke-wanke, da ya sha ruwa zai kumbura kamar burodi.

Katakon rufin, ka ɗaga shi ka ji. In ya yi nauyi da sanyi a hannu ɗanye ne, iskar hunturu na kaɗawa zai murɗe ya ja kwanon. Ka zaga Rijiyar Lemo ka ji nasu farashin kafin ka biya, ka tafi da kafintanka ya zaɓa ɗaya bayan ɗaya, kuma a shafe shi da maganin gara tun yana ƙasa.