Mutunci a wurin cefane: abin da idona ya gani

Malama, kin tambaya ko har yanzu akwai mutunci tsakanin mai saye da mai sayarwa, ko dai tsadar rayuwa ta sa kowa ta kansa yake yi. Ni na fi shekara 20 ina cefane tsakanin kasuwar Sabon Gari da ta Tudun Wada a Zariya, kuma wallahi akwai shi. Sai dai a ɓoye ake yin sa, shi ya sa ba kowa ke lura ba.

A watan Fabrairun 2023, bayan sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, kuɗi sun yi ɓatan dabo. Tun asuba ake kama layi a bankunan unguwar PZ, a yini a dawo hannu wofi. Wata Juma'a na tsaya gaban wani dattijo mai kayan miya, har ya ƙulla min tumatir da tattasai da albasa. Shi ba shi da asusun banki, na maƙwabcinsa mai manja aka ba ni. Sau uku ina tura kuɗin suna ƙin tafiya. Kunya ta rufe ni, na fara kwance ledar zan zazzage masa kayansa. Sai ya riƙe hannuna ya ce, "Alhaji, ba tukunya ce ke jira a gida ba? Je ka, duk ranar da ka biyo ka kawo." Bai san sunana ba, bai san unguwarmu ba. Ya ma jefa attaruhu uku a kai, gyara. Da na koma bayan kwana biyu, sai da na tuna masa.

Akwai kuma mai shagon layinmu. Na sha ganin mace ta auni shinkafa mudu ɗaya, in an faɗi kuɗi ta ce a rage rabi. Yakan yi kamar zai rage, ya ƙulle ledar yadda take, ya ɗaga murya ya ce, "Hajiya, ai ina riƙe miki canjin rannan." Babu wani canji. Asirinta yake rufawa a gaban mutane, kuma ni wannan ya fi shinkafar girma a wurina.

Tunda kin ce ke ma kina son ki riƙa yi, kada ki miƙa wa mutum kuɗi ana kallo. Ki bari ya tafi, ki tambayi mai shago wa ya fi daɗewa a littafin bashi, ki rage wani abu ba tare da an faɗi sunanki ba. Sannan don Allah a daina matse tsofaffi masu kuka da daddawa wajen ciniki. Ribar duka faifan nasu ba ta taka kara ta karya ba, kuma da ita za su ci tuwon dare. Ki fara da gaisuwa, ki tambayi lafiyar gida, sannan ki ce, "Iya, nawa ne?"