Shin duwatsun Birni za su iya zaftarowa kanmu?

Tambaya: Malam, ɗana yana kasuwanci a Firitawun ta Saliyo, ya ce can kowace damina sai ƙasa ta zaftaro ta binne gidaje. To mu a unguwar Birni ta Damagaram muna zaune tsakanin duwatsu, ga ruwa yana ƙaruwa a shekarun nan. Mu ma hakan na iya samun mu? Wata uwa daga Damagaram.

Amsa: Hajiya, Allah ya tsare miki shi. Akwai gaskiya a abin da ya faɗa miki. A ranar 14 ga Agusta 2017, bayan kwanaki ana marka, gefen wani tsauni ya ɓalle da asuba a wajen Regent, a bayan Firitawun, mutum fiye da 1,000 suka rasu ko suka ɓace. Da yawa daga cikinsu barci suke yi.

Amma ki duba bambancin. Firitawun tana samun ruwan da ya kai milimita 3,000 a shekara, mu kuwa a Zinder, wato Damagaram, abin da ke sauka wajen 400 ne, mafi yawansa tsakanin Yuli da Agusta. Sannan tsaunukansu lulluɓe suke da ƙasa mai kauri. Idan ruwa ya daɗe yana zuba, ƙasar nan sai ta sha ta ƙoshi, ta yi nauyi, ruwan da ya cika tsakanin ƙwayoyinta ya hana su riƙe juna, sai ta sulale gaba ɗaya kamar yaɓen da bai kama bango ba. Mutane kuma sun ƙara wa Borno dawaki: an sare itatuwan da saiwoyinsu ke ɗaure ƙasar, an yanki gefen tudu an kafa gida, saboda birnin ya cika, ga teku a gaba ga tsauni a baya.

Duwatsunmu tsirara suke, babu wata ƙasar kirki a kansu da za ta zaftaro. Ruwa ba ya ratsa su, shi ya sa ma ruwan rijiya ke mana wuya har ake jawo na pompo daga nesa. Don haka irin masifar can ba ita nake jiye miki ba.

Abin da nake tsoro shi ne inda ruwan ke tafiya idan ya gangaro daga dutse. Yana zuwa da gudu, ya bi lungu, ya tsaya a gindin katangar laka yana ci. Ba mu manta ba, a farkon Satumban 2024 tsohon masallacin Birni, wanda aka gina tun wajen 1850, ya rushe saboda ruwa. Idan gini irin wannan ya faɗi, ɗakin da aka shekara biyar ba a yi wa yaɓe ba fa?

Kafin ruwa ya kankama, a sabunta yaɓe, a gyara indararo don ya zubar nesa da bango, a kwashe leda da shara daga magudana. Idan bango ya tsage ko gindinsa ya jiƙe ya yi laushi, a fitar da yara daga ɗakin a daren nan. Gidan da ke ƙarƙashin wani ƙaton dutse kuma, a riƙa leƙa ko ruwa na kwashe ƙasar da yake zaune a kai.

Shi kuma yaronki, ki tambaye shi inda yake kwana. In a gindin tudu ne ko bakin rafi, ya nemi wani wurin tun kafin Yuli.