Ku Tambaya Mu Amsa: Ya ake auna ƙwaƙwalwar mutum alhali yana cikin tafiya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya ya aiki. Yarona ne yake fama da farfaɗiya aka turamu gwajin EEG, wallahi mun sha fama ranan, mai gwajin sai cewa yake kar ya motsa kar ya taune haƙori ko ƙifta ido ma ya rage, har saida aka sake daga farko. To kuma sai naga wani bidiyo a waya, wani bature da irin hular nan mai wayoyi yana ta tafiya akan injin motsa jiki wai ana auna ƙwaƙwalwarsa. Shin namu na'urorin ne tsofaffi ko yaya abun yake? Daga wata uwa a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya. Mai gwajin nan fa gaskiyarsa, kuma shima baturen da kika gani matsalar bata barshi ba, fama yake da ita a kwamfuta bayan an gama ɗauka.

Abinda EEG ke ɗauka wutar lantarki ce 'yar mitsitsiya da ƙwaƙwalwa ke fitarwa, wani likita Bajamushe Hans Berger ne ya fara ɗaukarta a jikin mutum a 1924. Batirin tocila bolt 1.5 ne, ita kuwa wannan in ta iso fatar kai bata wuce kashi 10 zuwa 100 cikin miliyan na bolt ɗaya ba, kinga kenan raɗa ce. Ƙifta ido kaɗai ya isa ya danneta balle naman wuya da muƙamuƙi. To ina ga tafiya, duk sanda dunduniya ta daki ƙasa kai zai girgiza, ƙananan faifan dake manne a fatar kai su ɗan zame akan jel ɗinsu, wayoyin suyi ta lilo, kuma shi lilon wayar kansa an gano yana cikin manyan masu ɓata aikin, shiyasa zaki ga sun tattare wayoyin sun ɗaure tam, na'urar kuma a jakar goyo a bayan mutum.

Sauran aikin wanki ne a kwamfuta. Ana tace hayaniyar wutar gida, tamu nan mai kaɗawa 50 a daƙiƙa, Amurka 60, wannan mai sauƙi ce. Sannan akwai wata dabara da ake ce mata ICA, kamar a gidan biki ne a kafa makirfo dayawa a kusurwoyi daban daban, kowace ta ɗauko kiɗa da guɗa da surutun mata a cakuɗe, sai lissafi ya duba yadda kowace murya ta fi ƙarfi a wani makirfo ya ware miki mai guɗa gefe makaɗi gefe. Haka ake ware na ido da na wuya a zubar a bar na ƙwaƙwalwa, akwai ma manhaja kyauta EEGLAB daga birnin San Diego na Amurka da masu bincike ke amfani da ita.

Ita hayaniyar taku kuwa a 2010 wasu masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka, Joseph Gwin da Daniel Ferris da abokan aikinsu, suka ce ai tafiya kamar lugude ce, bugu ɗaya ne yake ta maimaituwa wajen sau 2 a daƙiƙa. Sai suka ɗauki matsakaicin hayaniyar takun suka cireta daga abinda aka ɗauka, mutanen suna tafiya har da gudu da faifai 248 a ka, kuma amsar da ƙwaƙwalwa ke bayarwa in mutum ya ga wani abu a allo ta fito.

Amma anan gizo ke saƙar, ni kam wannan wajen yafi burgeni. Ita ma ƙwaƙwalwar ai da takun take aiki, lokaci ɗaya suke bugawa da hayaniyar, to wajen sheƙe ƙaiƙayi tsaba zata iya bin iska, ko kuma mutum ya riƙe ƙaiƙayi yana murna ya samu tsaba. A 2015 sai mutanen Ferris ɗin suka yi wata dabara, suka sa wa mutane hular ninƙaya ta roba wadda wutar ƙwaƙwalwa bata ratsawa, suka ɗora gashin kanti da aka shafe da jel a kai, sannan suka kafa faifan. Kinga duk abinda na'ura ta nuna ba ƙwaƙwalwa bace, girgiza ce zalla. Sai gashi hayaniyar ta bambanta daga mutum zuwa mutum, daga faifai zuwa faifai, kuma tana ƙaruwa in an ƙara sauri. Daga baya aka fito da faifai baki biyu, ɗaya na kallon fatar kai ɗaya ya juya mata baya yana ɗaukar girgiza kawai, sai a debe na biyun daga na farko.

Duk wahalar nan suna shanta ne dan su gane me ke faruwa a kai lokacin da ƙafar mai cutar karkarwa ta Parkinson ta kafe ya kasa ɗaga ta, ko mai shanyewar ɓarin jiki yake koyon tafiya, wannan dole sai mutum na tafiya za'a gani. Likitan yaronki kuwa wasu 'yan tsinin layi yake nema a zanen da na'urar ke fitarwa dake nuna farfaɗiya, motsi na iya ɓoyesu ko ya zana masu kama dasu, kuma shi ba abun wasa bane a ɗora yaro akan magani saboda ya taune haƙori.

In za'a sake gwajin a wanke masa kai da sabulu kawai kar a shafa mai ko basilin, in mace ce a tsefe kitso. Ki tambayi likita ko yana so a rage masa barci daren ranar, wasu lokutan haka suke so yaro yayi barci ana cikin ɗauka, maganinsa kuma kar a tsayar sai in likitan ne ya ce.